Bayani Kan Sabunta Dokokin Ƙananan Hukumomi a Birnin Kano da Kewaye

Kamar yadda jama'a suka sani, Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma takwas daga cikinsu ne suka haɗu suka zama birnin Kano na yau, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Kowace daga cikinsu tana da ikon yin ƙananan dokoki a kan wasu al'amura. Muna so mu yi wa al'umma, musamman mazauna karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi, bayanin inda wannan iko ya samo asali, da dalilin da ya sa ya zama wajibi a riƙa sabunta waɗannan dokoki.

Tushen ikon shi ne Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya lissafa ayyukansu. Daga ciki akwai kula da kasuwanni, mayanka, tashoshin mota, maƙabartu da banɗakunan jama'a, da kwashe shara, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da bayar da lasisin kekuna, amalanke da baro, da sa ido kan shaguna, gidajen abinci da gidajen burodi. Duk wanda ya kawo hatsi kasuwar Dawanau, ko ya kai dabba mayanka, to waɗannan dokoki sun shafe shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Doka takan tsufa kamar yadda gini yake tsufa. Wasu ƙa'idoji na kasuwa da tsafta an gaje su ne tun zamanin En'e, kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976. A watan Janairun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya a kan naira biyu, kuma daga wancan lokaci darajar kuɗin ta sauya ƙwarai. Tarar da a da take hana mutum barci, a yau ba ta kai kuɗin ruwan leda ba. A ganinmu, babbar illar irin wannan doka ba raina ta da ake yi ba ne kaɗai. Idan adadin da ke rubuce ya zama abin dariya, sai mai karɓa ya yanka nasa da baki, talaka ya biya ba tare da rasit ba, hukuma kuma ba ta ga ko kwabo ba.

Bugu da ƙari, rayuwar birnin ta sauya. A farkon 2013 aka hana haya da babur mai ƙafa biyu a cikin birni, A Daidaita Sahu ya maye gurbinsa. Gwamnatin jiha ta kafa hukumomi irin su KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, da REMASAB mai kwashe shara, da KNUPDA mai tsara birane, kuma ayyukansu suna cuɗanya da na ƙananan hukumomi. Matuƙar ba a daidaita dokokin ba, ɗan kasuwa ɗaya zai iya biyan kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya.

Batun ƙasa kuwa ya fi shafar mutanen ƙauyukan da birni ya cim musu. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma tana bayar da takardar mallaka ta gargajiya ne a wuraren da ba birni ba. Da zarar Gwamna ya ayyana wuri a matsayin yankin birni, ikon ƙasar ya koma hannunsa. Saboda haka gonar da jiya ake zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma a kanta, yau tana iya zama sai an nemi izinin jiha kafin a yanka ta filaye ko a yi gini. Muna jan hankalin dagatai da masu unguwanni su bincika matsayin yankinsu kafin su sa hannu a matsayin shaidu.

Dangane da yadda ake gyaran, kansiloli ne suke tattauna ƙudirin a majalisarsu, idan sun amince sai shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu. Sai dai akwai iyakoki. Ƙaramar doka ba za ta saɓa wa dokar jiha ko Tsarin Mulki ba. Sashe na 36 ya hana a hukunta mutum sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta bayyana tare da hukuncinsa, kuma sabuwar doka ba ta kama abin da aka aikata kafin a yi ta. Har ila yau, hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024 ya jaddada cewa zaɓaɓɓu ne kawai za su tafiyar da ƙananan hukumomi, ba kantomomin riƙo ba, wanda hakan ya ƙara wa kansiloli nauyi.

Shawararmu ga kansiloli ita ce kada a yi gyara a ɗaki a rufe. A gayyato sarkin kasuwa, sarkin fawa, shugabannin direbobi, ƙungiyoyin mata da hakimin yanki, domin su ne suka san inda tsohuwar doka take ciwo. Bayan an kammala, a fassara ta da Hausa, a karanta a rediyo, a manna jerin kuɗaɗen a ƙofar kasuwa da tasha. Ga sauran jama'a kuwa, duk wanda aka nemi ya biya wani kuɗi ko tara, yana da damar ya tambayi dokar da ta tanadi hakan, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da sunan hukumar. In an hana shi, sai ya kai ƙorafi ga kansilan mazaɓarsa ko ofishin sakataren ƙaramar hukumar.