2020: Shekarar Da Fim Ya Daina Makara A Hanyar Ƙauye

Duk ƙarshen shekara masu sharhi kan fina-finan Hausa kan fitar da jerin waɗanda suka fi fice, kuma a da ma'auninsu kusan kullum silima ne: wane fim ne ya cika zaure a Ado Bayero Mall da ke Kano, wanne aka yi wa dogon layi da sallah. Da wannan ma'auni Mansoor na Ali Nuhu da Rariya na Rahama Sadau suka yi tashe a 2017. To amma mai kallo a Ruwan Godiya ta ƙaramar hukumar Faskari a jihar Katsina, ko a ƙauyukan Sabuwa da Ƙanƙara, ba shi da silima. Kafin 2020 fim kan iso masa ne bayan watanni, lokacin da mutanen birni sun gama yayinsa har sun shiga wani. Don haka idan za a zaɓi shekara ɗaya da gwanayen fina-finanta saboda mutanen wannan yanki, ni 2020 zan zaɓa, kuma Izzar So da Labarina zan sa a gaba.

A shekarar ce annobar korona ta sa aka rufe gidajen silima, alhali kasuwar faifai, wadda Ƙofar Wambai ta daɗe tana riƙe da ita, ta riga ta durƙushe. Masu shirya fim suka karkata ga YouTube da talabijin. Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a tasharsa ta Bakori TV, Nura Mustapha Waye, Allah ya jiƙansa, yana ba da umarni. Aminu Saira kuma ya fito da Labarina a Arewa24, tashar da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka riga suka saba wa mutane da jiran mako. Daga nan lissafi ya sauya. Da zarar sabon kashi ya fita, mai tura fina-finai a bakin kasuwa ko a rumfar cajin waya ya sauke shi, ya zuba wa mutane a memori kan kuɗi kaɗan. Matar aure a Faskari da ɗalibar jami'a a Kano suka koma kallon abu ɗaya a mako ɗaya, suna muhawara ɗaya kan girman kan Hajiya Nafisa da haƙurin Umar Hashim a Izzar So, ko kan halin da Sumayya ta tsinci kanta a Labarina. Sunan tashar Bakori TV ma ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin Bakori maƙwabciya ce.

Wasu za su ce waɗannan ai ba fina-finai ba ne, shiri ne mai dogon zango, kuma ana jan labarin har ya gundura. Akwai gaskiya a zancen jan labari, musamman a zangunan baya, inda abin da zai ƙare a fitowa ɗaya kan cinye rabin kashi. Amma tsawon ba shi ne aibin ba. Mutanen da suka karanta littattafan Bilkisu Funtuwa juzu'i bayan juzu'i, suka saba da jiran wasan kwaikwayon rediyo, ba a 2020 suka fara son labarin da ke tafiya da su sannu a hankali ba. Kuma mai kallo da kansa fim yake ce musu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na haƙƙi. Kuɗin da ake ba mai turawa ba ya isa hannun furodusa, shi abin da yake samu daga talla ne, gwargwadon masu kallo a intanet. Ma'ana, dubban masoyan ƙauye ba sa shiga ƙidayar YouTube, kuɗinsu kuma ba ya shiga aljihun wanda ya kashe nasa. Wannan matsala ce ta gaske, sai dai laifin ba na mai kallo ba ne, wanda ya biya daidai ƙarfinsa. Masana'antar ce ba ta samar da tsari mai ɗorewa tsakaninta da masu turawa ba.

Wani kuma zai ce ina mutanen da aka sace wa ɗaruruwan ɗalibai a sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 suka ga ta fim? Ina ganin wanda dare ya hana shi fita hira a dandali ya fi kowa buƙatar abin da zai tara iyalinsa a ɗaki. Amma hanyar samun fim ɗin ma ba ta da tabbas. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Har aka maido da su, sabon kashi sai wanda wani matafiyi ya ɗauko a memori daga garin da ke da sabis.