Yadda Ake Renon Haibiskas Mai Ratsin Ganye

Duk wanda ya bi ta gidajen ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko wasu gidaje na Sabon Gari, zai ga wani ɗan itace da ake dasawa a bakin ƙofa ko jikin shinge. Furensa ja ne mai faɗi, ƙirar furen kuɓewa. Sunansa haibiskas. Akwai wani irinsa da ganyensa ba kore zalla ba ne, yana da ratsin fari da ja kamar an yayyafa masa fenti. Mutanen Bomo masu rijiya a gida, ko waɗanda ke kusa da tafki, suna iya renon wannan iri su kai wa masu sayen furanni.

Itacen ba baƙo ba ne ga manomi. Ɗan uwan yakuwa ne da rama, kuma kuɓewa da auduga danginsa ne. Sai dai ba a samun zoɓo a jikinsa, na ado ne. An kawo shi daga ƙasashen gabas mai nisa masu yawan ruwan sama, har ƙasar Maleshiya ta mai da shi furen ƙasa a 1960. A Samaru kuwa ruwan shekara kamar milimita 1,000 ne, kuma cikin wata biyar yake sauka. Sauran watanni sai ban-ruwa.

Reshe ake dasawa, ba iri ba. A watan Yuni ko Yuli a yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 20, daga inda ratsin ya fi fitowa. A cire ganyen ƙasa, a bar biyu a sama. A haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki a cikin ledar da aka huda gindinta, a soka reshen, a ajiye a inuwa. Cikin sati 6 zuwa 8 zai yi saiwa. Ba duka ke kamawa ba, don haka mai son 20 ya dasa 30.

Babban aikin yana wajen kiyaye launin. Ratsin nan shi ne kuɗin, kuma yana iya ɓacewa. Idan itacen ya yi saiwa, sai a riƙa fitar da shi rana sannu a hankali, domin a inuwa mai duhu jan yakan dushe. Ranar safe ta fi, ta tsakar rana a watan Afrilu takan ƙona farin ganyen.

Wani lokaci kuma sai a ga reshe ɗaya ya fito kore shar. Kada a ji tausayinsa, a yanke shi daga tushe ran da aka gan shi. Koren ganye ya fi mai ratsi iya sarrafa hasken rana ya zama abinci, saboda haka ya fi saurin girma. In aka ƙyale shi, zai danne sauran rassa, itacen ya koma kore. Wanda ya sayi mai ratsi ya ga haka, ba zai sake dawowa ba. Yawan takin yuriya ma ganye yake tunzurawa ya rage fure. Takin gargajiya kaɗan ya isa.

Da hunturu ganye kan yi rawaya ya zuba. A ba shi ruwa da safe, a kare shi daga iska da zana, amma kada ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwar za ta ruɓe. Idan an ga wasu fararen ƙwari kamar auduga manne a ƙarƙashin ganye, a fesa ruwan sabulu mara ƙarfi ko jiƙon ganyen darbejiya da yamma, a maimaita bayan sati ɗaya. Awaki kuwa suna son ganyensa kamar yadda suke son na rama, don haka sai an kewaye shi da ƙaya tun ranar dashe.