Daga lifidi zuwa bargon ƙyallaye: abin da ya kamata ku sani

Idan sallah ta ƙarato, telolin Gantsa da na sauran garuruwan ƙaramar hukumar Buji ba sa samun barci. Gari na wayewa sai a share ƙarƙashin keken ɗinki, a tara ƙyallayen atamfa da na shadda. Yara mata su tsinci na kayan 'yar tsana, saura ya ƙare a juji ko a wuta. A wasu ƙasashe waɗannan ƙyallaye su ne jarin wata sana'a da mutane ke yi don sha'awa, har a shirya mata baje koli da gasa. Bargon da ake ɗinkawa shi ne Turawa ke kira kwilt.

Hawa uku ne da shi. Akwai fuska, wato ƙyallayen da aka yanka aka harhaɗa har suka ba da zane. Akwai ciki, abin da ke riƙe ɗumi, auduga ko tsohon zani mai laushi. Sai baya, yadi guda shimfiɗaɗɗe. Ana bin ukun da ɗinki layi-layi, allura tana ratsa su gaba ɗaya, don kada cikin ya tattaru a gefe guda. Wannan ɗinkin ratsawa shi ne ƙashin bayan aikin.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan dabara, sai dai a filin daga ya fara amfani da ita. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa yadi ne hawa biyu da ake cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi shi da ɗinki, a lulluɓe doki da shi tun daga wuya har gindi, mahayi ma ya sa nasa. Kibiya idan ta faɗa masa sai ta maƙale a cikin audugar kafin ta kai ga fata. Yana da nauyi, shi ya sa 'yan lifidi ba su cika sukuwa ba, kuma babban abokin gabarsa wuta ce. Yaƙi ya wuce, lifidi ya koma kayan ado na hawan sallah, inda ake haɗa masa ja da kore da rawaya. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Masarautar Dutse, wadda Buji ke ƙarƙashinta, ita ma tana da nata hawan. Abin da ke damuna shi ne idon 'yan kallo yana kan doki da mahayi, ba mai tambayar hannun da ya yi ɗinkin, ko kuma wa zai gaje shi.

A Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, mazaunansa jikokin bayi ne. Matan garin sun yi shekara da shekaru suna harhaɗa tsofaffin tufafin aikin gona da buhuna suna ɗinka barguna, saboda sanyi kawai da rashin kuɗin saye. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai shi New York, kuma a 2006 hotunan bargunansu suka fito a jikin kan sarki na gidan wayar Amurka. A Bangaladash da gabashin Indiya mata suna jera tsofaffin zannuwa su yi irin wannan ɗinki, suna kiransa kantha. Yau ana yin babban baje kolin barguna kowace shekara a Houston, da kuma Birmingham ta Ingila. Alƙalan gasa suna duba ko kusurwoyin ƙyallaye sun haɗu daidai, ko tazarar ɗinki ɗaya ce, ko bargon ya kwanta sumul ba tudu ba kwari. Masu sha'awa kuma sukan kama masauki na 'yan kwanaki tare da malama, ba abin da suke yi sai yanka da ɗinki.

Mai son farawa a nan gida ba ta buƙatar komai da ya wuce almakashi mai kaifi, allura, zare mai ƙwari, awo da dutsen guga. Keke yana rage wahala, amma hannu ma ya isa. A fara da wanke ƙyallayen, kowane launi daban, domin wata atamfar tana zuba, wata kuma tana shiga ruwa ta ragu. Idan ba a yi haka ba, wankin farko ne zai ɓata aikin wata guda. Kada a haɗa yadin auduga da leshi ko yadi mai talewa a bargo ɗaya, don ba sa jan zare iri ɗaya. A yanka kwali mai kusurwa huɗu, kamar inci biyar kowane gefe, a riƙa ɗora shi ana fitar da ƙyalle daidai wa daida. Wajen haɗawa a bar kwatan inci a bakin ɗinki, kuma a goge kowane layi kafin a haɗa shi da na gaba. A nan masu koyo suka fi yin kasala, a nan kuma ake gane aikin gwana.

Zaɓin ciki yana buƙatar lura. Audugar rimi tana da ɗumi da rashin nauyi, amma tana dunƙulewa idan aka wanke, kuma tana kama wuta nan take. A gidajenmu da ake shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu, ban ba da shawarar a sa ta a bargon yara ba. Tsofaffin zannuwa biyu ko uku da aka wanke sun fi aminci, kuma sun fi jure wanki. Bayan an shimfiɗa hawa ukun a kan tabarma, sai a kama su da manyan ɗinki na wucin gadi, sannan a fara ɗinkin ratsawa daga tsakiya ana fita zuwa gefe. Wadda ta fara daga gefe za ta tarar yadi ya taru mata a tsakiya. A ƙarshe a kalmashe bakin da dogon ƙyalle.

Kada aikin farko ya zama bargon gado. Rigar filo ko shimfiɗar jariri ta isa a koyi hannu. Batun zuwa masauki don koyo kuwa, mu muna da abin da ya fi shi sauƙi. Matan da ke haɗuwa don adashi ko bayan tashi daga Islamiyya za su iya ware yammaci ɗaya a mako, su zauna a tsakar gida ɗaya, wadda ta iya ta nuna wa saura. Su yi magana da telan unguwa tun kafin azumi ya riƙa ajiye musu ƙyallaye a buhu, domin waɗanda za a tara a ɗinkin ƙaramar sallah da babba za su ishe su aiki har sanyi ya shigo.