Kyautar Hoto a Kasuwar Intanet: Wa Ke Cin Moriyarta?

Akwai wata muhawara da ke gudana tsakanin masu sana'ar ɗaukar hoto, musamman a Turai da Amurka, wadda ta yi zafi tun daga wajen shekarar 2013. Tushenta tambaya ce guda: idan mai hoto ya ɗebi wasu daga cikin hotunansa ya zuba a intanet kyauta, kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama da su, shin wannan zai ƙara masa ciniki a sauran hotunan da yake sayarwa, ko kuwa kasuwarsa zai karya da hannunsa? Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan tambaya ta hanyar duba tarihin kamfanonin da abin ya shafa. Amma kafin a kai ga nan, ya kamata a bayyana irin hoton da ake magana a kansa, domin ba kowane hoto ba ne.

Hoton rumbu da dillalansa

Mai hoton da aka saba da shi kiransa ake yi wurin biki ko taro, ya yi aiki, a biya shi. Akwai kuma wani iri dabam, wanda ba wanda ya sa shi aiki. Shi wannan yakan ɗauki hoton duk abin da yake zaton wata rana za a nema, kamar likita yana duba yaro, ko manomi a gona, ko faɗuwar rana a bakin teku, sa'an nan ya kai ajiya wurin wani kamfani. Irin waɗannan hotuna su ne za a kira hotunan rumbu a nan. Mai buga littafi ko mai shirya talla yakan shiga rumbun ya zaɓi wanda ya dace da bukatarsa. Abin lura shi ne ba hoton kansa yake saya ba, izinin amfani da shi yake saya. Saboda haka ana iya sayar da hoto guda sau dubu, yana nan bai ragu ba.

Kamfanin da ke riƙe da rumbun dillali ne ke nan. Sai dai ya sha bamban da dillalin da aka sani a kasuwa, wanda ke karɓar 'yar la'ada ya miƙa wa mai kaya kuɗinsa. A wannan kasuwa dillali ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, mai hoto ya tashi da abin da ya saura.

A da, manyan dillalai irin su Getty Images, wanda aka kafa a 1995, suna sayar da izinin hoto guda a kan ɗaruruwan daloli. Abin da ya rushe wannan farashi kuwa da kyauta ya fara. A shekarar 2000 Bruce Livingstone ya buɗe iStockphoto a birnin Kalgari na ƙasar Kanada, inda ake ɗaukar hotuna ba biya. A 2001 aka fara karɓar 'yan kuɗi kaɗan, kuma da yake kyamarar zamani ta shiga hannun kowa, sai 'yan sha'awa suka yi ta tururuwar kawo hotuna. Jon Oringer ya biyo baya da Shutterstock a birnin Niyok a 2003, ya fara da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa. Mujallar Wired ta kawo wani labari a 2006 wanda ya nuna inda aka dosa: wata ma'aikaciyar gidan tarihi a Washinton ta yi ciniki da wani ƙwararren mai hoto a kan dala 100 zuwa 150 kowane hoto, daga baya ta gano iStockphoto, ta sayi hotuna 56 a kan kusan dala ɗaya ɗaya. A wannan shekarar ce Getty ya saye iStockphoto a kan dala miliyan 50. A 2009 kuma mujallar Time ta sa wani hoton iStockphoto na kwalba cike da tsabar kuɗi a bangonta, wanda ya ɗauke shi ya tashi da kimanin dala 30.

Watau tun kafin a zo maganar kyauta ta gaba ɗaya, farashi ya riga ya faɗi warwas. Wannan ne ya sa wasu masu hoto suka fara tunanin cewa abin da za su yi asara in sun bayar kyauta bai taka kara ya karya ba.

Hujjar masu bayarwa

Manyan rumbunan kyauta uku ne suka fi suna. Pixabay ya fara a Jamus a 2010, Pexels ma a Jamus a 2014, sai Unsplash wanda aka soma a birnin Mantiriyal na Kanada a 2013. Masu goyon bayansu suna cewa hoton da ke kulle a rumbun kuɗi, cikin miliyoyin 'yan'uwansa, ba mai ganinsa; wanda aka sake kuwa yakan zaga duniya, ya kai sunan mai shi inda talla ba za ta kai ba. Daga nan, in ji su, sai masu bukata su biyo sawu, su sayi sauran hotunansa ko su ba shi aiki. Sukan kafa hujja da labarin Unsplash kansa. Mikael Cho da abokan aikinsa suna da wani ƙaramin kamfani, wanda daga baya aka san shi da suna Crew, mai haɗa masu zane da masu tsara manhaja da masu neman aikinsu. Sun sa an ɗaukar musu hotuna don shafinsu, guda 10 suka yi saura, sai suka zuba su kyauta da alkawarin ƙara 10 kowane kwana 10. Jama'a suka yi ca a kai, kuma ta wannan ƙofa mutane masu yawa suka san kamfanin.

Labarin gaskiya ne, amma akwai abin da ake tsallakewa a cikinsa. Crew ba hoto yake sayarwa ba. Hoton ƙugiya ce kawai, kifin da ake nema dabam yake. Don haka labarin bai amsa tambayar wanda hoton ne hajarsa ba.

Ɗanɗano da ƙoshi

Kyauta a ciniki ba baƙon abu ba ce. Mai kilishi yakan yago ɗan kaɗan ya miƙa wa mai wucewa ya ɗanɗana, mai awo kuma yakan ƙara gyara a kan mudu. To, amma kowanne yana da ƙa'ida. Ɗanɗano ba ya ƙosarwa, kwaɗayi yake tayarwa, kuma mai ɗanɗanawar yana tsaye ne gaban mai kilishi, ya san wurin wa zai saya. Gyara kuwa sai bayan an biya take zuwa. Hoton kyauta ya saɓa wa ƙa'idojin nan duka. Wanda ke neman hoton likita don shafinsa, in ya samu na kyauta mai kyau, bukatarsa ta biya ɗungurungum. Ya ƙoshi, ba abin da zai koma ya saya.

Sa'an nan ga batun suna. Sharuɗɗan waɗannan rumbuna uku ba su tilasta wa kowa ya ambaci sunan mai hoto ba, roƙo kawai suke yi. Hotunan Unsplash ma an cusa su cikin wasu manhajoji, irin su Trello da Notion, inda mutum zai zaɓi hoto ya manna ba tare da ya taɓa ziyartar shafin mai shi ba. Rumbun yakan nuna wa mai hoto alƙaluma masu faranta rai, cewa an kalli hotonsa sau kaza, an sauke shi sau kaza. Amma kallon hoto dabam, sanin mai hoto dabam. Ko da an san sunan ma, a wannan kasuwa ba da suna ake ciniki ba. Mai saye ba ya cewa a ba shi hoton wane. Kalma yake rubutawa, kamar "asibiti" ko "girbi", na'ura ta jero masa dubbai, ya ɗauki wanda ya fara burge shi. Shahara a rumbun kyauta ba ta ɗaga hoton mutum zuwa sahun gaba a rumbun kuɗi, gama kowane rumbu da lissafinsa.

Abin mamaki a nan shi ne lalle kyautar tana jawo masu saye, sai dai ba ga mai bayarwar ba. Rumbunan kyauta sun daɗe da al'adar jera wasu hotunan kuɗi, na Shutterstock ko na iStock, a saman sakamakon bincike. Wanda bai ga abin da yake so cikin na kyauta ba yakan latsa ɗaya daga cikinsu ya saya, rumbun kyauta ya karɓi kamasho. Hoton da aka saya ɗin kuwa galibi na wani ne can dabam. Ashe mai kyauta shi ya tara jama'a, wasu suka ci kasuwa. Manyan kamfanoni sun fahimci darajar wannan taro sarai: a 2019 Canva ya ba da sanarwar sayen Pexels da Pixabay, a 2021 kuma Getty ya saye Unsplash. Abin da aka saya ɗin hotunan jama'a ne da cincirindon da suka jawo, amma waɗanda suka zuba hotunan ba su da hannun jari, don haka ba su da kaso a cinikin. Ba a yaudare su ba, domin sharuɗɗan a rubuce suke tun farko. Abin da dai ya bayyana shi ne inda ribar take kwarara.

Shin rumbunan kyauta ne suka jawo ƙarin faɗuwar abin da masu hoto ke samu? A nan ya kamata a yi hattara. A watan Yuni na 2020 Shutterstock ya sauya tsarin biyansa. Kafin lokacin, duk sanda mai biyan kuɗin wata ya sauke hoto, mai hoton yana samun senti 25 zuwa 38. Sabon tsarin ya mai da shi kaso, daga kashi 15 zuwa 40 cikin ɗari, mafi ƙanƙancin biya senti 10, kuma kowane watan Janairu kowa ya koma matakin farko. A kan senti 10, sai an sauke hoton mutum sau 1,000 kafin ya haɗa dala 100. Ba za a ɗora wa kyauta laifin wannan duka ba, domin a lokacin hotunan da ke rumbun Shutterstock kaɗai sun haura miliyan 300, kuma kaya in sun yi yawa haka dole su yi araha. Amma yana da wuya a ce kyauta ba ta taimaka ba, tunda mai ƙaramin shafi ko ƙaramin kanti, wanda a da zai biya dala ɗaya, yanzu ya saba da samu ba biya.

Duk da haka akwai waɗanda kyautar ta yi wa rana, kuma bai kamata a musa ba. Su ne waɗanda ke da wata haja bayan hoton rumbu: mai karɓar aikin talla ko na biki, ko mai koyar da ɗaukar hoto. Ga irin wannan, rumbun kyauta tamkar allon shago ne, kuma Unsplash ya tanadi alamar da mutum zai sa don nuna yana karɓar aiki. Aiki guda daga babban kamfani yana iya fin abin da zai tara a shekara daga senti goma goma. Matsayinsa irin na Crew ne: ya ba da abin da ba shi yake sayarwa ba. Sai dai labaran irin waɗannan mutane su aka fi ji, domin wanda ya dace shi ke ba da labari, dubban da suka zuba hotuna ba su ga komai ba kuwa shiru suke yi. Pexels da Pixabay sun kuma sa wata kafa ta yi wa mai hoto ihsani, amma wannan ganin dama ne, ba a gina sana'a a kai.

Hanya ta biyu ita ce wadda kyautar take ga mai ɗauka kawai, mai hoto kuwa an biya shi. A watan Oktoba na 2020 Adobe ya buɗe sashen kyauta a rumbunsa da abubuwa sama da 70,000, bayan ya biya masu su, daga baya kuma ya riƙa tayin dala 5 a kan kowane hoton da ya zaɓa, na tsawon shekara guda. Ga hoton da ya shekara a rumbu ba wanda ya taya, dala 5 daidai take da saukewa 50 a kan senti 10. Wannan ba kyauta ba ce a wajen mai hoto, haya ce mai wa'adi. Unsplash ma a 2022 ya buɗe sashen kuɗi mai suna Unsplash+, inda yake biyan masu hoto a kan hotunan da ya karɓa, abin da ke nuna cewa akwai irin hotunan da yabo kaɗai ba ya kawo su.

Bambancin wa'adi ɗin nan yana da muhimmanci ƙwarai. Izinin Unsplash ba a janye shi: ko mai hoto ya goge hotonsa daga baya, duk wanda ya riga ya sauke yana da ikon ci gaba da amfani da shi, kuma ba zai yiwu a sayar wa wani kamfani hoton a matsayin nasa shi kaɗai ba. Har ila yau akwai haƙƙin mutanen da ke cikin hoton. Dillalan kuɗi ba sa karɓar hoton da fuskar mutum ta fito don talla sai da takardar yardarsa, amma hoton kyauta yana iya faɗawa cikin tallar da mai fuskar ba zai taɓa amincewa da ita ba, kuma in rigima ta tashi har da mai hoto za a nema.

Girman asarar kuma ya danganta da irin hoton. Faɗuwar rana da kofin shayi a kan tebur sun cika rumbuna maƙil, wanda ya ba da nasa kyauta bai rasa wani abin kirki ba. Amma hoton da samunsa ke da wuya, kamar na marina a Ƙofar Mata ta Kano ko na mahaya a hawan daba, wanda sai ɗan gari da ya san lokaci da mutane zai ɗauke shi yadda ya kamata, shi ne irin wanda mai buga littafi zai yarda ya biya domin ba shi da zaɓi da yawa. Ranar da irinsa mai kyau ya shiga rumbun kyauta, mai buga littafin ya samu zaɓi, kuma ba mai shi kaɗai ya rasa wannan ciniki ba, har da duk wanda ke da makamancinsa a rumbun kuɗi.