Ko Kun Sani? Hazon da Ke Dawowa Bayan Aikin Yanar Ido

Dattijai da yawa a Suki da Maiwurno da ƙauyukan Jazira sukan yi zaton yanar ido ce ta dawo idan gani ya sake dushewa bayan an yi musu aiki. Yanar da aka cire ba ta dawowa. Siririyar fatar da ke riƙe da gilashin robar da likita ya dasa ce take yin hazo, kuma hakan na samun kusan mutum 1 cikin 5 a shekaru 3 na farko.

Maganinsa hasken leza ne mai suna YAG, wanda likitar ido Danièle Aron-Rosa ta Faransa na cikin waɗanda suka fara amfani da shi wajen 1980. Mutum yana zaune za a huda fatar cikin 'yan mintuna, ba yanka, ba ɗinki. Galibi washegari manomi zai iya komawa gonar audugarsa, ya yi alwala, ya yi sujada. A ranar aikin dai kada ya tuƙa mota ko babur, domin maganin ɗigawa yana buɗe ƙwayar ido na wasu sa'o'i.

Wanda aka yi wa wani aikin leza na daban mai suna LASIK don ya rabu da tabarau kuwa, shi ne mai doguwar kiyayewa: ba murza ido, ba kwalli, ba wanka a magudanar ban-ruwa na makonni, kuma ya guji ƙurar guguwar habub.

Bayan kowanne daga ayyukan nan, walƙiya a ido, ko wani duhu kamar labule, ko ciwo mai tsanani, suna buƙatar likita a ranar.