Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinkar Asibiti

A Kangire, duk wanda ya sa farar riga a asibiti "Dakta" ake ce masa. Wannan ya sa yaran da suka gama sakandare suke ɗauka cewa ƙofar aikin lafiya ɗaya ce. Sai ka ga yaro ya zauna jarrabawar JAMB sau uku yana neman likitanci, makinsa bai kai ba, ƙarshe ya haƙura ya koma tireda. Alhali kuwa Hausawa sun ce in hagu ta ƙi, a koma dama.

Ka raka mara lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ka ƙirga hannuwan da zai bi. Da fari akwai mai yankan kati, wanda adana bayanan majinyata ya karanta. Likita zai duba, amma sau da yawa ba zai rubuta magani ba sai ya ce, "A je a yi gwaji." A ɗakin gwaji ne wani zai tsira yatsa, ya shafa ɗigon jini a kan ɗan gilashi, ya rina shi, ya sunkuya kan madubin ƙara girma yana neman ƙwayar maleriya. Shi ne kuma zai faɗi rukunin jinin mai naƙuda kafin a yi mata ƙarin jini. In ya yi kuskure a nan, rai ne. Ɗan acaɓar da ya karye sai mai ɗaukar hoto ya nuna inda ƙashin ya rabu. Dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki kuwa, mai gashin ƙashi ne zai yi makonni yana lanƙwasa masa gwiwa, har ranar da zai taka da sanda zuwa masallaci.

Hanyar shiga waɗannan ayyuka biyu ce. Gajerar ita ce ta kwalejojin fasahar lafiya, irin ta Jihar Jigawa da ke Jahun. A irinsu ake horar da ma'aikatan lafiyar al'umma: JCHEW shekara 2, CHEW shekara 3. Akwai kuma kwas na mataimakan ɗakin gwaji, da na ɗakin magani, da na duba-gari. Ma'aikatan lafiyar al'umma ne ke riƙe da asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, su yi awon ciki, su yi rigakafi, su tura abin da ya fi ƙarfinsu gaba. Doguwar hanyar ita ce digiri. Jami'ar Bayero da ke Kano tana koyar da kimiyyar gwaje-gwaje, da ɗaukar hoto, da gashin ƙashi, da awon ido. Karatun ba ya gaza shekara 5, sannan a yi shekara guda ta sanin makamar aiki. Mai sha'awar jinya ko ungozomanci kuwa, ga kwalejinsu nan a Birnin Kudu, ba sai ya yi nisa ba.

Kowacce ka zaɓa, guzurin kusan ɗaya ne: galibi kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Tun daga aji huɗu na sakandare ake tara shi.

Sai dai a yi hattara da makarantun da ke tsirowa kamar naman kaza. Kowane fanni yana da hukumar ƙasa mai ba da lasisi. In hukumar ba ta amince da kwas ɗin makaranta ba, ɗalibi ba zai zauna jarrabawarta ba, takardarsa ta zama ado. Kafin uba ya sayar da buhun riɗi ko akuya ya biya kuɗin rajista, ya tambayi ma'aikacin da ke asibitin garinsa: "Malam, makarantar nan tana da izini?"

Iyayen 'ya'ya mata su fi kowa sauraro. Mata da yawa suna jinkirin zuwa awo saboda kunyar namiji. Ranar da mai ciki ta shiga ɗakin awo ta tarar da 'yar unguwarsu riƙe da abin gwada hawan jini, za ta faɗi abin da ke damunta ba ɓoye-ɓoye, kuma za ta dawo wata mai zuwa.