Rumbun Da Wuta Ba Ta Ci

 A wannan mako za mu kai masu karatu ƙasar Gobir, wato Unguwar Lalle da ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, dab da iyakar Nijar, domin akwai abin lura a can ga ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati.

Manomin wannan yanki ba shi da hutu. Da ruwa ya sauka sai shuka, sai firi, sai maimai. Kaka na wucewa kuma sai a gangara fadama ana ban ruwan albasa. Amma duk da wannan ɗawainiya, mun iske magabata ba sa barin gonar tsoho ko ta marayu ta mutu cikin ciyawa, sai a kira gayya a nome ta. Ran da aka ɗaure dammuna, kafin a kai rumbu, akan ware na gwaggo da na malami da na baƙo.

Wannan al'ada tana da tushe a Shari'a. Idan gero ko dawa ya kai wusiƙi 5, wato sa'i 300, zakka ta wajaba: ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da aka shayar da wahala. Albasa, a mazhabar Malikiyya, babu zakkar amfanin gona a kanta, amma ƙofar sadaka a buɗe take. Suratul Ƙalami kuwa ta ba mu labarin wasu masu gona da suka yi rantsuwa za su yi girbi da sassafe don kada miskini ya same su. Da gari ya waye suka tarar gonar ta halaka. Ba lalaci ya halaka su ba, don sun yi sammako. Rowa ce.

A ƙasar nan ta Gobir ma aka ga kishiyar wannan hali. Wajen shekara ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya ƙi karɓar dukiyar, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da sakin waɗanda ke tsare da sassauta wa talakawa haraji. Ya bar abin da zai shiga taskarsa, ya zaɓi abin da zai amfani jama'a.

To, zamaninmu ya sake karanta mana wannan darasi da zafi. Daga shekara ta 2019 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sabon Birni da Isa. An kashe bayin Allah, an kore garkunan shanu, an ƙone rumbuna, har aka kai ga ɗora wa wasu garuruwa kuɗi kafin a bar su su yi noma. Wanda ya kwana da dami ɗari ya wayi gari ba shi da tiya guda. Dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, kuma waɗanda suka fara tarbarsu talakawa ne irinsu, mutanen ƙauye, suka raba ɗaki da tuwo da su. Iyaka ta raba Sabon Birni da Tsibiri, amma ba ta raba jini da auratayya ba. Damin da aka taɓa aika wa ɗan'uwa, da ta'aziyyar da aka taɓa takawa a ƙasa, su ne suka buɗe ƙofa a ranar. Zumunta a ƙafa take, in ji Bahaushe.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa da ke Sakkwato ko Kano ko Kaduna, kana cewa kasuwa ko ofis sun hana ka sukuni, shin ka fi manomi a tsakiyar damina rashin sukuni ne? Ka sani ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mawadaci, ba alfarma ba ce, kuma ba a lissafa shi cikin zakka. Amma ɗan'uwa da kawu da ɗan baffa, idan mabuƙata ne, ya halatta a ba su zakka, kuma sadaka ga dangi lada biyu gare ta, na sadaka da na sada zumunta. Kafin ka ƙara fili a kan fili, ka bincika wa ya rasa matsuguni cikin danginka, wane maraya ne ya bar karatu, wace gwauruwa ce ba ta da irin shuka bana.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu lafiya, Ya tsare zukatanmu daga rowa. Amin.